Yadda za ka dasa jan ganyen ado a gida a Kano, ya yi ja ya cika kuma ya tsallake bazara

Salamu alaikum jama'a. Tambayar nan ta jan ganyen da ake jerawa a bakin gida da gefen katanga ta yi yawa, wani ya ce ya saya sati biyu ya bushe, wata ta ce nata ya ƙi yin ja sai tsawo kawai yake yi kamar karan dawa, wani kuma so yake ya zagaye tsakar gida da shi amma kuɗin sayen guda arba'in ya gagara. To ga shi nan daki-daki, a bi a hankali, don yawancin abin da yake kashe shi a garin nan ba rashin taki ba ne, lokacin da aka dasa ne da wurin da aka ajiye shi.

1. Ka san wanne kake saya

Kala biyu ne masu fulawa suke sayarwa kuma duk jan ganye za su ce maka. Na farko sunansa a littafi Iresine herbstii, asalinsa daga Barazil yake, ganyensa mai faɗi ne kusan zagayayye da ɗan tsagi a bakinsa, jijiyoyin ganyen ruwan hoda ne mai haske, karansa ma ja ne mai ruwa-ruwa. Akwai irinsa kore mai jijiya ruwan ɗorawa, shi ma karan ja ne. Na biyu Alternanthera, ganyensa mai tsini ne, jansa ya fi duhu, yana fitar da 'yan fararen furanni dunƙule-dunƙule. Dukansu dangin alayyafo ne.

Shawarata, in waje za ka sa a bakin titi inda rana take dukansa tun safe har magariba, ɗauki Alternanthera, ya fi jure wahala. In tsakar gida ne ko baranda to Iresine ya fi kyau nesa ba kusa ba, kuma shi na fi mayar da hankali a kai a nan, duk da matakan kusan ɗaya ne.

A wajen masu fulawar gefen titi, irin na cikin Nasarawa GRA, kada ka ɗauki dogo, ɗauki gajere mai rassa da yawa. Ka juya ganyen ka duba bayansa ko da ƙwari.

Hattara: wani lokacin jiya-jiya aka soka reshen a leda, bai yi saiwa ba. Ka ɗan ja karan a hankali, in ka ji yana tahowa ba riƙo ka ajiye ka ɗauki wani.

2. Lokacin farawa

Ka bari damina ta zauna, wato daga ƙarshen Yuni zuwa Agusta. A lokacin iska da laima, rana ba ta da zafi sosai, reshe ya fi saurin kamawa. Wanda ka dasa a Yuli kafin iskar hunturu ta taso ya yi saiwa mai ƙarfi, kafin bazara kuma ya zama babba.

Mafi munin lokaci shi ne Maris zuwa Mayu, zafin Kano a lokacin yana kai digiri 40 har ya wuce, kuma abin haushi lokacin ne mutane suka fi saya saboda an gama ginin gida ko ana shirin biki ana so waje ya yi kyau. In dole ce ta sa ka saya a bazara to ka bar shi a ledarsa a inuwa kana ba shi ruwa, kada ka dasa a fili sai ruwa ya sauka. Disamba da Janairu ma ba lokacin yanka reshe ba ne, sanyi yana sa saiwa ta yi nawa.

3. Zaɓen wuri

Nan ne ake faɗuwa. Shi jan nan hasken rana ne yake kawo shi, in ka kai shi lungu mai duhu zai koɗe ya koma kore-kore ya yi ta miƙewa yana neman haske. In kuma ka bar shi ranar azahar ta bazara ta zauna a kansa gefen ganyen zai ƙone ya yi ƙamas. Abin da yake so shi ne ranar safe, daga fitowarta zuwa wajen sha ɗaya, sannan inuwa ta rufe shi. Saboda haka jikin bangon da yake kallon gabas shi ne wuri na ɗaya. Ƙarƙashin bishiya mai yayyafin inuwa ma ya yi, amma kada ka matsa gindin darbejiya ko mangwaro sosai, saiwarsu za ta shanye ruwan da ka zuba.

Hattara: bangon da yake kallon yamma da kuma dandaɓen siminti ko intalok suna riƙe zafi har bayan isha'i. In a kan siminti za ka ajiye tukunya ka ɗora ta a kan bulo biyu ko katako. Kuma kada ka sa shi daidai inda indararo yake zubowa, ruwan Agusta ɗaya zai kakkarya shi, karan ba ƙwari gare shi ba.

In akwai wajen alwala a gidan ka dasa a gefen da ruwan yake gangarawa, ka huta da rabin ban ruwa, in dai ba a zuba ruwan sabulu a wurin.

4. Kayan aiki da inda kuɗi yake tafiya

Ba wani kaya mai yawa ba ne. Reza sabuwa ko almakashi mai kaifi, ƙaramar fartanya, buta ko gwangwanin da aka huhhuda gindinsa, ledojin reno, tukwane, ƙasa da taki. Ledar reno ba sai ka saya ba, ledar fiya wata in ka yanke samanta ka huda ƙasanta ta wadatar. Tukunya kuma tsohon bokitin fenti ya yi, ko ka shiga 'yan robobi a Ƙofar Wambai ka zaɓo. Ni dai na fi son tukunyar ƙasa saboda tana sanyaya saiwa, sai dai ta fi shan ruwa. Baƙar roba a rana tana dafa saiwa, in ita gare ka ka shafa mata farin fenti.

Lissafin kuɗin kuma ga yadda yake. A ce layin da kake son jerawa mita 10 ne, tazarar santimita 25 tsakani, guda 40 kenan kake bukata. Kada ka sayi 40. Sayi biyar ko shida masu rassa, kowanne zai ba ka yanka shida zuwa takwas, cikin wata ɗaya ka tara abin da kake nema, kuma iyayen suna nan za su sake toho. In maƙwabcinka yana da shi ma ka roƙe shi ranar da zai yi aski, rassan da zai zubar su ne irinka, kyauta. Kuɗin gaske ba a sayen shukar yake ba, a ruwa yake, musamman ga wanda 'yan garuwa suke kawo wa. Kafin ka dasa layi mai tsawo ka zauna ka lissafa jarka nawa za ka iya saya kullum a watan Afrilu, in ba za ka iya ba ka tsaya a tukwane huɗu ko biyar masu kyau, ya fi maka layin da zai bushe rabi.

5. Haɗa ƙasa

Ƙasar yawancin unguwanninmu rairayi ce, ruwa yana wucewa nan da nan, shi kuma wannan ganyen yana son danshi kullum amma ba ya son ruwa ya kwanta masa. Haɗin da yake aiki: kashi biyu ƙasar sama ta gona ko ta lambu, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki na akuya ko na shanu, kashi ɗaya ɓuntun shinkafa wanda ya kwana biyu ko aka ɗan babbaka shi. Ɓuntu ba ya wahalar samu wajen masu injin casar shinkafa, in kana da mai zuwa Kura ma shi kenan. In ƙasarka mai yumɓu ce ka ƙara yashi kashi ɗaya.

Gwaji mai sauƙi, jiƙa haɗin ka dunƙula a hannu. Ya kamata ya dunƙulu amma da ka taɓa shi da yatsa ya wargaje.

Hattara: ɗanyen kashin kaji wuta ne, zai ƙone saiwa cikin kwana kaɗan, sai ya yi wata biyu ko uku a tare ana jiƙa shi ana juyawa. Jar ƙasar da ta rage bayan gini da ɓaraguzan siminti ma ba wajen shuka ba ne, ka haƙe kamar tsawon taƙi ɗaya da rabi ka kwashe ka zuba haɗinka. Masu ɗebo ƙasar juji kuma a tankaɗe ta tukunna, akwai kwalba da batir da leda a ciki.

Kowace tukunya a huda gindinta aƙalla wuri huɗu. Tukunyar da ba huji ba ta raya shi, ko da kuwa ta fi kowacce kyau.

6. Yanka reshe da kafe shi

Da sassafe ake yi ko bayan la'asar. Zaɓi reshe lafiyayye wanda bai fara fure ba, ka yanka tsawon santimita 10 zuwa 15, ya zama da gaɓa uku ko huɗu, kuma yankan ya zo dab da ƙasan gaɓa don daga gaɓar saiwa take fitowa. Cire ganyen ƙasa duka ka bar biyu ko huɗu na sama, in manya ne ka rage rabinsu da almakashi don kada reshen ya yi ta asarar ruwa. Kana yanka kana jefawa a kwanon ruwa, ba ya son ya zauna a iska ko na minti goma.

Hanya biyu ce daga nan. Ta farko a ruwa: sa rassan a kofi ko kwalba, ruwan ya rufe gaɓa biyu na ƙasa amma kada ganye ya nutse, a ajiye wuri mai haske ba cikin rana ba, ana canza ruwan duk bayan kwana biyu. Cikin sati ɗaya zuwa biyu za ka ga fararen saiwoyi. Da sun kai tsawon gaɓar yatsa ka mayar ƙasa, kada ka bari su yi tsawo su cukurkuɗe, saiwar da ta saba da ruwa tana shan wahala in ta daɗe. Kuma canza ruwan nan ba wasa ba ne, in ka bar shi ka buɗe wa sauro gidan haihuwa a ɗakinka.

Ta biyu kai tsaye a leda, kuma ita na fi so in da yawa za a yi. Cika ledar da haɗin ƙasa ka jiƙa, ka yi rami da tsinke ko fensir, ka sa reshen gaɓa biyu su shige, ka danna gefen. Kada ka soka reshen da ƙarfi ba rami, bakin zai dagargaje ya ruɓe. Jera ledojin a inuwa, yayyafi safe da yamma. Kwana biyun farko za su langaɓe kamar sun mutu, ƙyale su, za su tashi. In ka ga sabon toho a sama to saiwa ta kama, yawanci sati biyu zuwa uku. Ka yanka fiye da abin da kake bukata, ba duka ne za su yi ba.

7. Dasawa

Kafin dasawa ka saba musu da rana, kwana huɗu ko biyar kana fito da su ranar safe awa ɗaya, biyu, kana ƙarawa. Ranar dasawa da yamma, in da hadari ma ya fi. Yaga ledar, kada ka zaro shukar ta kara, ka sa ta da ƙasarta gaba ɗaya daidai zurfin da take a leda, ka danna, ka ba ta ruwa sosai. Tazara santimita 25 zuwa 30 in layi kake so ya haɗe. A bokitin fenti babba guda uku sun isa, za su cika shi.

8. Ban ruwa

Ba a yi masa jadawali ɗaya na shekara. Da damina sau da yawa ba ka da aiki, sai dai ka duba kada ruwa ya kwanta. Da kaka da hunturu sau ɗaya a rana da safe, wanda aka dasa a ƙasa ma wani lokacin bayan kwana biyu. Da bazara na tukunya safe da yamma ne ba fashi. Ka tura yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓa ɗaya, in ka ji bushewa ka zuba, in da danshi ka bari. Kuma in za ka zuba ka zuba har ya fito ta ƙasan tukunya, ɗan yayyafin sama-sama yana sa saiwa ta tsaya a sama inda zafi yake.

Shi ganyen yana faɗa maka da kansa, da ya ji ƙishi zai sunkuya, ka ba shi ruwa cikin awa ɗaya ya miƙe. Amma kada ka mayar da hakan al'ada, duk sunkuyawa ganyen ƙasa yake zubarwa, a hankali sai ka ga kara tsirara da ɗan ganye a ka.

Hattara: in ƙasa a jiƙe take kuma ya langaɓe, ba ƙishi ba ne, saiwa ce ta fara ruɓewa, ƙarin ruwa ƙarasa shi zai yi. Ka duba hujin tukunya ko ya toshe, ka yanki rassan sama masu lafiya ka kafe sabo tun da wuri. Ruwan wanki mai omo ko bilic kada ya kusance shi, a gaya wa yara da masu aiki. Ruwan wankin shinkafa ko na kayan miya ba laifi. Ruwan da ya wuni a tanki ko a tiyo cikin rana kuma a bari ya huce.

9. Tsinke kai

Wannan shi ne bambancin na gidan da kake gani ka yi sha'awa da naka, kuma mutane tausayi yake hana su. Da shukar ta kai kamar santimita 15 ka sa farce ka tsinke kan, 'yan ganye biyun nan na can sama. Daga gaɓar da take ƙasa rassa biyu za su fito. Su ma in sun yi gaɓa uku ka tsinke kansu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. Duk sati biyu ko uku da damina ka zagaya ka yi. In ka ƙyale shi zai iya wuce mita ɗaya amma zai zama siriri ya kwanta, tsawon gwiwa shi ne daidai ga layi.

Furen Iresine ba abin kallo ba ne, wasu 'yan ƙanana ne fari-fari, da ka ga ya fara ka cire don ƙarfin ya koma ganye. Na Alternanthera kuwa cirewar ta fi zama dole, in ya zubar da iri damina mai zuwa har cikin tukwanen wasu shukokin za ka gan shi.

In layi ya haɗe sai a koma aski da babban almakashi, a ɗaura igiya daga wannan ƙarshe zuwa wancan don saman ya daidaita. Kada a yi aski mai zurfi a tsakiyar bazara, ganyen ciki da bai saba da rana ba zai ƙone.

10. Taki

In ka haɗa ƙasa da kyau wata biyun farko ba ya bukatar komai. Bayan nan cikin hannu ɗaya na ruɓaɓɓen taki a kowace tukunya duk wata ya isa. Mai son na zamani, NPK 15-15-15 rabin ƙaramin cokali ga kowace tukunya mai girman bokiti, a binne a gefe nesa da kara, a bi da ruwa nan take, duk sati shida. Yuriya ka bar wa masara, in ta yi yawa ganyen zai yi laushi jan ya ragu ƙwari su samu abinci. Da tsananin sanyi da tsananin zafi a dakata da na zamani.

11. Ƙwari da dabbobi

Uku ne suka fi damu: darɓa a kan sabon toho, wani farin ƙwaro mai kama da auduga a maƙoshin ganye, da wasu mitsi-mitsin jajaye a bayan ganye masu yin siririyar yana lokacin ƙura da bushewar iska. In ka ga tururuwa tana hawa da sauka a kara to duba da kyau, akwai ɗaya daga na farkon biyu. Fara da wanke ganyen da ruwa mai ɗan ƙarfi, har bayansa. In bai yi ba, daka busassun 'ya'yan darbejiya cikin hannu ɗaya, jiƙa a ruwa lita ɗaya ya kwana, tace, sa ɗan sabulun wanka kaɗan, ka fesa da yamma, a maimaita bayan sati. Gwada a shuka ɗaya tukunna, kuma ba a fesawa da rana tsaka.

Gara tana bin busasshiyar ciyawa da ɓawon gyaɗa da ake rufe ƙasa da su, saboda haka kada rufin ya taɓa kara, kuma a riƙa ɗagawa ana dubawa. Akuya kam ba ta da magani sai shinge, in a waje ka dasa ba waya ko ƙaya to ka yi wa akuyoyin unguwa sadaka. Kaji ba ganyen suka fi ci ba, tono suke yi, 'yan duwatsu a saman tukunya suna hana su.

12. Hunturu da bazara

Ɗan ƙasar zafi ne, ba ya son sanyi, daren Disamba da Janairu a Kano kuma yakan sauko zuwa digiri goma sha wani abu. Zai tsaya da girma, wasu ganyen su zube, wannan ba mutuwa ba ce. Matso da tukwane jikin bango inda iskar arewa maso gabas ba ta bugawa, kuma sau biyu a sati ka wanke ƙurar da ta kwanta a ganyen da safe. Da bazara kuma ka tattara tukwanen wuri ɗaya a inuwa su riƙa yi wa juna laima, na ƙasa a yi musu rumfa da buhu ko zana ta ɓangaren yamma, a rufe gindinsu. Ko ya yi muni a Mayu kada ka tumɓuke, in karan da rai ruwan farko zai dawo da shi, sai ka datse shi zuwa rabi ya fito sabo.

13. Inda ake amfani da shi

Layi a gefen hanyar shiga gida ko zagayen bishiya shi ne aka fi yi. Ya fi fitowa in ka haɗa shi da mai kore ko ruwan ɗorawa a bayansa, ko a jikin farin bango, a jikin jan bulo ɓacewa yake. A falo ma yana zama amma dab da taga mai haske, ba a gaban iskar AC ba, kuma gara ka yi tukwane biyu kana musanyawa duk sati, ɗaya ciki ɗaya waje. Rassan da ka aske in ka sa a kwalbar ruwa a kan tebur za su yi kwanaki da kyansu, su yi saiwa ma a wurin.

Hattara: don an ce dangin alayyafo ne ba shi ne a tsinka a sa a miya ba. Na ado ne, kuma masu reno suna fesa maganin da ba na kayan ci ba, a ja wa yara kunne.

Masu tambayar ko za a iya sana'a da shi, ana yi, don jarinsa leda ne da ƙasa da ruwa. Ka kafe a Yuli da Agusta, ka tsinke kai sau biyu don ya cika leda kafin ka fitar, makarantu da masu sabon gida da masu gyaran harabar ofis da yawa suke ɗauka ba ɗaya-ɗaya ba. Sai dai ka tabbatar kana da rijiya ko bohol, da ruwan saye ribar a jarka za ta ƙare. Kuma ko na gida ne, bayan shekara biyu gindin yana tsufa ya yi itace ganyen ya ƙanƙance, saboda haka duk damina ka kafe sababbi goma ko ashirin a gefe, wanda ya gaji ka cire ka maye gurbinsa.